Gungumen da Na Ƙi Cirewa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Abin da zan ba ku yau ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi Allah da zan tsaya a gabansa shi ne shaidata ban ƙara komai a ciki ba, sai ma abin da na rage saboda ya yi wa bakina nauyi. Karatuna bai yi nisa ba, firamare na gama sai allo, don haka ku yi haƙuri da yadda zan jero maganar. Sunana da na ƙauyenmu zan ɓoye, saboda 'ya'yana.

Shekara goma sha wani abu ke nan, lokacin ina zaune a wani ƙauye na bakin kogi tsakanin Kura da Bunkure, ina noman rani na tumatir da albasa kamar kowa a yankinmu. Gonata tana can ƙarshe, inda ruwan kanal, wato magudanar ban-ruwa, ba ya isa sai ya ga dama, don haka da ruwan wani rafi da ke zuba cikin kogin nake ban-ruwa. Ina kuma da kwale-kwale ɗaya, wanda nake ƙetarar da kwandunan kaya da shi, in Sallah ta zo ko ana wani biki sai in wanke shi in shimfiɗa tabarma a ciki, domin samari da 'yan mata suna zuwa daga Kura da Madobi har ma daga Kano a babura da adaidaita, su shiga a zaga da su cikin ruwa suna ɗaukar hoto suna ihu in jirgin ya ɗan karkata. Mu huɗu ne masu wannan sana'ar a mashigin namu, kuma ba yabon kai ba, ni aka fi nema, don na fi su iya raha da fasinja.

Wanda bai san kogi ba gani yake ruwa ruwa ne, amma kowane lokaci da irin kayan da yake ɗaukowa. Da damina jajir yake zuwa yana gudu, ɗauke da rassan itace da karan dawa da kainuwa da robobin maganin feshi, wani lokaci har da mushen akuya, to wannan ba ya ba mu tsoro sosai, don kana hango abu tun daga nesa ka kauce masa, kuma mai hankali ba ya ɗaukar 'yan yawo a lokacin. Da rani ruwan yana janyewa, duk abin da ke ciki ya fito fili ya kwanta a kan yashi kowa ya gan shi. Lokacin da ya fi cutar mai jirgi shi ne kaka, sa'ad da ruwa ya kwanta luf yana sheƙi kamar an goge shi, amma har yanzu da zurfinsa. Itacen da ya kwana wata da watanni a ruwa ya sha ya ƙoshi ba ya tasowa sama, ba ya kuma nutsewa ƙasa, a tsakiya yake tafiya, kamar taƙi ɗaya ƙarƙashin fuskar ruwa. Ba ka ganin sa sai ya taɓa ka. Duk wannan na sani tun ina yaro, kada wani ya ce rashin sani ne ya ja mini.

Akwai wani abu da muke yi mu manoman bakin rafi, muna ce masa datsi. In rani ya yi tsanani ruwan rafi ya ƙanƙance har bakin tiyon injin ban-ruwa ya fara shan iska, sai mutum ya gitta gungumen itace a rafin, ya jera buhunan yashi a jikinsa, ruwa ya taru ya yi ɗan zurfi yadda inji zai ja. Al'adarmu tun iyaye ita ce duk wanda ya yi datsi shi zai kwance abinsa kafin ruwan farko ya sauka, ya zubar da yashin, ya ja gungumen zuwa tudu. Sarkin ruwan garinmu, wani dattijo masunci da muke kira Baba Sarki, shi yake bi gona-gona da bazara yana tuna wa mutane.

A ranin wannan shekarar na sare wata ƙatuwar darbejiya da ke gefen gonata na yi datsi da ita. Don kada ruwa ya ɗaga ta, sai na yi wata dabara da nake ganin wayo ne, na samo wayar ƙarfe mai kauri na naɗe gungumen da ita, na ɗaure buhunan yashin a jikinsa tam, bakunan wayar kuma na bar su a lanƙwashe kamar ƙugiya don in riƙa saƙala tiyo. Datsina ya fi na kowa riƙe ruwa, har maƙwabtan gona suna zuwa kallo, ni kuwa kaina ya yi girma.

Da bazara ta shigo hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya kwance nasa sai ni. Tumatirina na ƙarshe ya yi kyau, ina son in ƙara masa ruwa ko sau biyu ne. Baba Sarki ya zo ya same ni a gona ya yi mini magana, na ce masa gobe. Bayan kwana uku ya dawo, ya tsaya ya daɗe yana kallon wayar nan, sannan ya ce ai wannan ba datsi na yi ba, tarko na haɗa, don gungumen da aka rataya wa yashi in ruwa ya ɗauke shi ba zai taso a gan shi ba. Na yi dariya na ce Baba ai ni ma ɗan ruwa ne, jibi in sha Allahu. Har gida ya aiko a karo na uku, matata Rabi ce ta karɓi saƙon ta faɗa mini da na dawo, ni kuma na ce mata maganar rafi ba ta mata ba ce. Na tuna ta kalle ni ta ce, "To Malam, ni dai an ba ni saƙo na isar." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana haka ruwan farko ya sauka da la'asar, irin mai ƙarfin nan da iska, washegari na je rafi na tarar babu datsi babu alamarsa. Na bi bakin kogi a ƙafa har kusan wuni ina dubawa ko ya maƙale a wani wuri, ban ga komai ba. Da Baba Sarki ya tambaye ni, ku ji ƙaryar da na yi, na ce masa ai tun kafin ruwan na ja shi tudu na faskara. Ya dai gyaɗa kai ya wuce. Duk daminar nan in na shiga kogi gabana faɗuwa yake, amma da aka kwana biyu ban ji ya taɓa kowa ba sai na ce wa raina ai tuni ruwa ya yi gaba da shi, yanzu ya zama matsalar mutanen wani gari. Allah Ya yafe mini wannan tunanin ma.

Bari in gaya muku wace ce Rabi. 'Yar Dawakin Kudu ce, ba ta tashi a bakin ruwa ba kuma ba ta iya iyo ba. Shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu uku, kuma a duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga jirgina ba. Duk Sallah sai ta tsokane ni, ta ce direban 'yan matan Kano ya dawo, ta ce in faɗa mata me suke gani a tsakiyar ruwan nan da suke ta ihu har ana jiyo su daga tsakar gida. In ce mata wata Sallar zan kai ta, ta ce haka na ce bara. A wannan shekarar Babbar Sallah ta faɗo cikin kaka, shinkafa ta yi kyau, na ɗinka mata atamfa, ta riƙe ta a jikinta tana juyi a ɗaki ta ce wannan kayan ba na zaman tsakar gida ba ne, sai kogi ya gan su. Na yi mata alkawarin washegarin Sallah da hantsi, kafin baƙi su fara zuwa, mu biyu kawai.

To ranar jajiberin Sallah da rana tsaka, bayan azahar, na fitar da jirgin ni kaɗai don in gwada inda na liƙe da kwalta ko yana yoyo. Akwai wani gurbi ƙasa kaɗan da inda rafinmu yake haɗuwa da kogi, wuri ne mai zurfi da ruwa yake ɗan juyawa, nan muke kai 'yan yawo mu tsaya su ɗauki hoto saboda inuwar wasu itatuwa da ke gaɓa. Ina dosar wurin sai na hangi mutum a tsaye a tsakiyar ruwa. Tsoho ne dogo siriri, da malfa irin ta makiyaya, da wata riga mai launin ƙasa, ruwan iyakarsa gwiwarsa. Ya ɗan sunkuya, hannunsa ɗaya yana cikin ruwa kamar mai riƙe da igiyar saniya. Ban ji tsoro ba, na ɗauka damina ce ta tara tudun yashi a wurin, na ɗauka kuma ɗaya daga cikin dattijan rugar da ke ƙetare ne. Na yi masa sallama ya amsa da kyau, na ce Baba shanu ne suka ɓata? Ya ɗago ya kalle ni, fuskarsa irin ta wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba, ya ce:

"Mai jirgi, zo ka karɓi kayanka. Na gaji da riƙo."

Na ce wane kaya Baba? Ya ce ni na sani. Ya ce tun ruwan farko yake riƙe da shi, damina ta zo ta wuce a kansa bai saki ba, yanzu hannunsa ya mutu.

Wallahi 'yan uwa a wannan lokacin zuciyata ta gaya mini abin da yake nufi. Amma na tuna in na ce zan ciro gungumen nan sai na tara maza biyar ko shida da igiya, kuma Baba Sarki zai ji, duk gari su san na yi ƙarya, ga shi gobe Sallah. Sai na mayar da abin wasa irin yadda na saba yi da fasinja, na ce Baba ka ƙara haƙuri a ci naman Sallah tukuna, in an gama hidima zan zo. Ya daɗe yana kallona, bai yi fushi ba, ni dai tausayi na gani a idonsa. Na karkata jirgin na ba shi baya, ban yi tuƙi biyar ba na waiwaya, babu kowa. Ba motsin ruwa irin na wanda ya nutsa, ba kowa a gaɓa. Na koma daidai inda ya tsaya na zura gorar tuƙina, wadda ta ninka tsawona biyu, har hannuna ya shiga ruwa ba ta taɓa ƙasa ba. Sai a sannan na tuna rigarsa a bushe take.

Na dawo gida, Rabi ta kalle ni ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce rana ce ta buge ni. Ban faɗa wa kowa ba. Aka yi Sallah aka yi yanka, hidima ta ɗauke mini hankali, har na fara ce wa kaina ƙila gizo idona ya yi mini. Na dai ƙudura a raina ba zan bi ta gurbin nan da ita ba, sama za mu yi.

Washegari da hantsi ta kai yaran wurin mahaifiyata, ta saka sabuwar atamfarta da hijabi, muka gangara. Da za ta shiga ta riƙe hannuna gam tana dariya tana cewa in na kifar da ita sai ta kai ƙarata wurin Inna. Ta zauna a tsakiya a kan tabarma, da farko ta ƙanƙame gefe da gefe, can da ta saki jiki sai ta fara tsoma yatsunta a ruwa, tana nuna mini gonakin shinkafa da balbelu, tana cewa ashe haka garinmu yake da kyau in an kalle shi daga nan. Ni ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na wannan hantsin ba. Da muka juyo sai ta ce ina wurin da 'yan matan Kano suke ɗaukar hoto, ita ma sai an kai ta. Na ce wani lokaci. Ta ce wato su sun fi ta ke nan. Na duba wurin daga nesa, ruwa kwance luf, babu tsoho babu komai. Na ce a raina zan bi ta gefe-gefe kawai mu wuce.

Ba mu kai tsakiyar gurbin ba na ji wani abu ya daki cikin jirgin daga ƙasa, dum, kamar an buga ƙofa da taɓarya. Jirgin ya hau kan abin ya karkata, ita kuma da ba ta san ruwa ba sai ta miƙe tsaye, shi ke nan muka kife. Na taso na gan ta kusa da ni, na kamo ta ta hijabi na ja, na ji ba ta tahowa, wani abu ya riƙe ta daga ƙasa. Na nutsa na laluba, hannuna ya sauka a kan waya. Wayata. Ƙugiyar da na lanƙwasa don saƙala tiyo ita ce ta shige cikin zaninta ta naɗe, nauyinmu kuma ya sa gungumen yana juyawa yana yin ƙasa da ita. Na ja, na yaga, na sa haƙori, sabuwar atamfa ce mai ƙarfi ta ƙi yaguwa. Numfashina ya ƙare na taso na sake komawa, ban san sau nawa ba. Tana riƙe da wuyan rigata, ina jin riƙon, har na ji ya saki.

Masu wanki a gaɓa ne suka yi kururuwa, Baba Sarki da masunta suka zo, shi da kansa ya nutsa da wuƙa ya yanke zanin ya fito da ita. Da ya taso ya kalle ni kallo ɗaya, na san hannunsa ya taɓa wayar kuma ya gane ta. Bai faɗa wa kowa ba. Aka yi mata sutura kafin la'asar, mutane suna ta ba ni haƙuri suna cewa kwana ne ya ƙare, wasu har suna yaba mini yadda na yi ta nutso, ni kuwa kowace gaisuwa ji nake kamar ana zuba mini garwashi.

Bayan sadakar uku Baba Sarki ya tara maza muka je muka jawo gungumen tudu da igiya da shanun huɗa. Buhu biyu na yashi suna nan a jikinsa, ya yi baƙi ya yi gansakuka, wayar duk ta yi tsatsa. Sai wuri ɗaya, wani lanƙwaso a can ƙarshensa, faɗinsa kamar tafin hannu, shi babu tsatsa ko ɗigo, fari tas yana ƙyalli kamar mariƙin bokitin da ake ɗauka kullum. Baba Sarki ya shafa wurin ya daɗe, sannan ya ce abin da ke ba shi mamaki shi ne yadda ambaliyar bana ta tumɓuke itatuwa da saiwarsu ta yi gaba da su, amma wannan ya tsaya a nan. Da mutane suka watse na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, har da tsohon. Ya ce shekararsa sittin a ruwan nan bai taɓa ganin sa ba, amma mahaifinsa ya taɓa ba shi labarin irin haka. Na ce mutum ne ko aljan? Ya ce bai sani ba, abin da ya sani kawai an yi mini gargaɗi sau huɗu, uku daga gare shi. Na je rugar ƙetare na kwatanta musu tsohon, suka ce ba su da mai wannan kama, ba su kuma yi baƙo ba.

Sai da aka yi arba'in na iya zuwa Dawakin Kudu na zauna a gaban mahaifin Rabi a zaure na gaya masa gaskiya, cewa itacen nawa ne, wayar ni na ɗaura, an ce in cire na ƙi. Na so ya zage ni ko ya kai ni ƙara, da na fi samun sauƙi. Ya ci gaba da jan carbi, can ya ce, "Ta daɗe tana wahala a cikin ruwan?" Na ce a'a Baba, nan take ne. Wannan ƙaryar ita kaɗai ce har yau ban san ko in tuba daga gare ta ba. Ya ce Alhamdu lillahi, ya ce in riƙe masa jikokinsa da kyau, ya tashi ya shiga gida. Har ya rasu bai sake ɗaga ido ya kalle ni ba in na je gaishe shi, amma bai taɓa hana ni shiga ba.

Jirgin ban sake hawansa ba, na bar shi a gaɓa har gara ta cinye. Baba Sarki ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, ni ne yanzu nake bi gona-gona da bazara ba tare da kowa ya sa ni ba, ina roƙon mutane su kwance datsinsu, wanda ya ce ba shi da lokaci in tuɓe riga in kwance masa. Samarin yanzu suna ce mini Baba Datsi, suna dariya in na wuce, ba na jin haushi. Babbar 'yata ta yi aure bara, kamarta ɗaya da uwarta har dariyar, kuma har yau abin da ta sani shi ne itace ya kifar da jirgi. In ta karanta wannan za ta gane ni ne, shi ya sa na ɗauki shekaru ina ɗagawa.

Shawarata gare ku, masu zuwa yawon kogi da Sallah, kada kwanciyar ruwa ta ruɗe ku, ku tambayi mai jirgi ko ya bi hanyar da gora a ranar kafin ya ɗauke ku, ku nemi rigar kariya in akwai, in jirgi ya daki wani abu kada ku miƙe tsaye, mata kuma ku tattare zani da hijabi kada su yi ta yawo. 'Yan uwana manoma, duk abin da kuka saka a rafi da hannunku ku cire shi da hannunku, ko itace ne ko waya ko tsohon taru, don ruwa ba ya ɓatar da komai, wurin wani yake kai shi.

Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya sa na kasa ci gaba da yin shiru. A kakar da ta wuce ina tafiya a gaɓa da rana, can ƙasa da garinmu inda wani rafin yake shiga kogi, na hango malfa a tsakiyar ruwa. Ya sunkuya, hannunsa ɗaya a ciki. Ba ni yake kallo ba, wata gonar albasa yake kallo a ƙetare. Na yi gudu iya ƙarfina na zagaya ta gada na sami mai gonar, wani matashi mai 'ya'ya biyu, yana gyaran inji, na kama hannunsa na ce don girman Allah me ka bari a rafi bana? Ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce Baba kada ka damu, zan duba in na samu sarari.

Sau biyar ina komawa wurinsa. Har yau bai samu sarari ba.